Sunan da Ya Fito a Wayar Direba

Ajiye wayar nan tukuna. Na gaji da mutum ya sayi waya mai tsaro, sannan ya miƙo mini ita in loda masa duk abin da ya gani a wayar abokinsa. Na faɗa har na gaji da faɗa, amma ga misali ɗaya, in ka ji, ka ji.

An yi wata ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti, ita ke ba masu cutar ƙanjamau magani. Mace ce mai riƙon amana, ko mijinta bai san masu zuwa wurinta ba. Don haka ma ta sayi irin wayarka, wadda ba ta barin manhaja ta leƙa hotuna ko lambobin mutane sai da izinin mai ita. Sai dai tana da halin da duk muke da shi, ba ta ajiye lamba da suna kawai. Yadda kake rubuta wane mai faci, wance mai kitso, haka ta rubuta wata mai sayar da waina a tasha da ke karɓar magani a wurinta, ta ƙara da sunan cutar a gaba don kada ta manta. To, 'yan damfara sun ishe ta da kira, yau a ce ta ci gasa, gobe a ce daga banki ne. Sai abokiyar aikinta ta nuna mata wata manhaja mai bayyana sunan mai kira ko da ba ka da lambarsa. Ranar a tsaye ta wuni. Ta sauke manhajar da hannun hagu tana cin abinci da dama. Wayar ta yi nata aikin, ta tambaye ta ko a ba manhajar duk lambobin, ko waɗanda ta zaɓa, ko a hana ta gaba ɗaya. Zaɓe aiki ne, ita kuwa ta gaji, sai ta danna duka. Ba ta tsaya ta yi tunanin inda manhajar ke samo sunaye ba, alhali daga wayoyin mutane irinta take kwasa ta raba wa kowa.

Ba a jima ba, wata safiya mai waina ta kira wani direba ta ce ya zo ya karɓi wainarsa tun da zafinta. Shi bai ajiye lambarta ba, amma yana da manhajar. Sunan ya fito masa yadda aka rubuta shi, ba ragi. Ya nuna wa kwandasta, kwandasta ya nuna wa mai shayi, tasha kuwa ba ta riƙe magana. Mutanen da suka shekara suna cin wainarta lafiya lau, kuma cutar ba ta bin abinci, suka riƙa wucewa suna kau da kai. Baiwar Allah ta yi ta zuba ƙullu a tanda, ta juya, ta kwashe, waina na hucewa a kwano, har wani ya tausaya ya nuna mata abin da ake gani. Ta san mutum ɗaya tak ta gaya wa. Ba ta je ta yi faɗa ba, zuwa karɓar magani kawai ta daina. Da ma'aikaciyar ta gano abin da ya faru ta goge manhajar, ta gyara sunan, ta yi kuka har ta gode Allah. Ta bi ta tasha ta tarar da murhu a mace. Aka ce mai waina ta koma ƙauyensu, ba kuma wanda ya san wane ƙauye ne. Maganinta na wannan watan yana nan a kan kantar asibiti, ba mai karɓa.

Abin yana ba ni baƙin ciki, don ba mugu a cikinsu, gajiya ce kawai da ɗan yatsa ɗaya. Gaskiyar Hausawa da suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.