Kara Na Uku

Ina aji ɗaya na sakandare a Runjin Sambo, kowa ya riga ya yanke cewa lissafi ya fi ƙarfina. Babana ma ya ce in na sake faɗuwa, karatun ya ƙare ke nan.

Wata rana da azahar malamin lissafinmu ya fitar da mu fili. Ya kafa karan dawa uku a ƙasa, nesa da juna, ya ce, "In miƙaƙƙen layi guda ya ratsa ɗigo uku, sunansu koliniya. Kamar sahun salla. Ku duƙa bayan karan farko, ku rufe ido guda. In ya ɓoye sauran, sun daidaita."

Da aka zo kaina, sai ya gusar da na ƙarshen gefe. "Ke, mi kig gani?"

Na ce, "Sun daidaita."

Aji ya kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "To ni biyu nake gani! Ina na ukun?"

Malam bai yi dariya ba. Daga can wajen kara na uku ya ɗaga hannu. "Yatsa nawa?"

"Wane yatsa?"

Ya tako har gabana, ya ce, "Ki ce ma babanki ina son ganinai. Kanki lahiya lau yake, ɗiyata. Idanunki ka son tabarau."

Har yau abin yana ba ni haushi. Shekara da shekaru ana yi mini faɗa, ba wanda ya taɓa tambayata me nake gani.