Hannun Mayya a Shafi na Tara

"Kar ki taɓa ni! Hannun mayya!"

Edie, 'yata mai shekara biyar, ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayana. Mahaifiyata ta tsaya cak a ƙofar falo, alewar da ta kawo mata tana tafin hannunta.

"Ke Edie, kakarki ce fa!"

"Ita ce! Tana cikin littafi!"

Ta ruga ta ɗauko littafin tatsuniyoyin da yaran Landan ke rububinsa a bana, ta buɗe shafi na tara. Ga gimbiya, yatsunta farare sumul. Ga mayya tana miƙo mata hannaye jajaye, duk sun yi kanta sun tsattsage, ƙaramin yatsa a karkace.

Haka mai buga littafin ya nema. A cewarsa, ta hannu yaro ke gane 'yar asali da muguwa.

Mama ta daɗe tana kallon hoton. Shekara talatin ta yi tana wankau a gidajen masu hali, injin matse kaya ne ya karya mata yatsan nan. Ba ta iya karatu ba, amma akwai suna ɗaya da take ganewa: nawa. Ta ɗora karkataccen yatsan a kansa, can ƙasan hoton.

"Nell, ashe shi ya sa kika ce in zauna ki zana ni waccan Lahadin?"

Na kasa ɗago kai.

Ta ajiye alewar, ta cusa hannayenta cikin mayafi.

"Kin iya zane, 'yar nan. Ban yi wankin banza ba."