Faratan Kyaftin Isyaku

Jirgin na can ƙololuwar sama, ɗauke da masu zuwa bikin miƙa mulki ga farar hula, sai Kyaftin Isyaku ya ga faratansa sun yi shuɗi. Haka aka koya masa: in farce ya yi shuɗi, iskar numfashi ce ke ƙarewa.

"Mikail, sa takunkumin iska! Ƙasa za mu yi!"

"Kyaftin, ai ƙararrawar gargaɗi ba ta kaɗa ba," in ji mataimakinsa.

"Na ce ka sa!"

Ya sunkuyar da kan jirgin. Fasinjoji suka kaure da salati.

Da suka sauka, injiniyoyi suka tarar iska na zurarewa daga jirgin, ƙararrawar kuma ta lalace. Saura ƙiris kowa ya sume.

Da yamma ya isa marinar Ƙofar Mata, faratan na nan da shuɗinsu. Mahaifinsa marini ya ɗago daga bakin rijiyar rini, ya dube su.

"Au, ba ka wanke ba? Shunin hannuna ne, da na riƙe ka da safe ina maka addu'ar tafiya."