Ƙwan Inna a Cikin Inji

Injin ƙyanƙyasar ya cinye teburin ɗakin, dole Auta da mijinta suka koma cin abinci a ƙasa. Farin akwati ne mai murfin gilashi, yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi, ga ƙwai jere a cikinsa.

Mijin nata mai gyaran fanka ne. Hannunsa na da kyau, amma bai taɓa kai abu ƙarshe ba. Ya fara kiwon kifi, kifin ya juya ciki sama. Ya koma zomaye, suka haƙa rami suka bi ta ƙarƙashin katanga. Shi ya sa Inna, uwar Auta, ta raɗa masa Sarkin Farawa, kuma ba a ɓoye take faɗa ba.

Yanzu bayan gidan Inna yake so. Fili ne mai inuwa, a nan ta killace kajinta da waya, ko ƙofar gida ba sa leƙawa, don a cewarta kaza mai yawo ita ke kwaso ciwo. Rabin filin ya roƙa, ya kafa akurki.

"In akwatin nan ya fitar da abu mai numfashi, na ba ka," in ji Inna. "In bai fitar ba, kada in ƙara jin zancen."

"To Inna, da ƙwan kajinki za a gwada, kowa ya shaida," in ji shi.

Auta ta zaci za a sha daga, don Inna ko allura ba ta bayarwa sai ta haɗa da huɗuba. Sai ga ta ta miƙe da kanta, ta zaɓo manya-manya, har tana goge su da gefen zane.

A gaskiya mutumin ya yi wahala. Safe da yamma yana juya ƙwai, yana zuba ruwa a ɗan faranti, yana duba zafi. Ranar da aka ɗauke wuta, da gudu ya je ya aro batirin mota a wurin makanike, ya lulluɓe injin da bargon Auta. Ita kuwa ganin haka ya sa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi tsabar idon uwarta ta ce wannan karon sai an janye sunan nan.

"Allah ya nuna mana," Inna ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Wata rana ya kwashi ƙwan ya shiga ɗakin ajiya da tocila, wai in aka haska ana ganin ɗan tsako a ciki. Ya daɗe bai fito ba.

"Yaya dai?" Auta ta tambaya.

"Suna nan."

Ranar ko loma bai kai bakinsa ba.

Mako uku ya cika, shiru. Auta ta kara kunne a jikin gilashi har ya yi mata shaida a kumatu, ko ƙwas ba ta ji ba. Inna kuma ta aiko a gaishe mata da masu jego. Auta ta daina bi ta layin gidansu ma, don ta san in wannan ya faɗi, mijinta da sunan nan sai kabari.

Rannan da hantsi ya shigo daga waje da kwali a hammata, ya ce kayan fanka ne. Ya rufe gilashin injin da tawul.

"Na ji motsi. Je ki ɗauko Inna. Ku taho a hankali, kin san ƙafarta."

"Bari in leƙa tukuna."

"Ba a buɗewa, iska za ta shige su."

Tun daga ƙofa suka jiyo tsiyau-tsiyau. Taga a buɗe, ɗaki ya sha turare kamar za a karɓi baƙi. 'Yan tsaki na ta karakaina a cikin injin, ga ɓawon ƙwai an tara a roba, kowanne ya rabe biyu tsaf. Auta ta zauna a bakin gado, ƙwalla ta cika mata ido.

Inna ta sa hannu ta ɗauki ɗaya. Ta hura gashinsa, ta buɗe fiffikensa, ta juya shi.

"Har sun bushe. Injin naka akwai hanzari."

"Na zamani ne, Inna."

Suruka da suruki suka dubi juna, kallon da ya fi ƙarfin gaisuwa. Ba wanda ya ƙifta. Can Inna ta ajiye ɗan tsakon.

"Gobe ka zo da igiya ka auna rabonka."

A hanyar rakiya Auta har da rangaji take tafiya.

"To Inna, sai a janye suna ko?"

"Na janye," in ji tsohuwar, ta gyara mayafinta. "Mutumin da ya fitar da 'yan tsaki daga ƙwan kajin da shekara guda ba su ga zakara ba, ai ba a ja da shi."