Rawar Sitiyari

"Wannan ma tana rawa," in ji Malam Mudi, ya sauko daga motar yana goge tafin hannunsa a jikin riga.

Buba bakanike bai yi musu ba. A garejinsa na Funtua babu mai jayayya da Malam Mudi a kan inji. Mutumin da ya tsufa yana jigilar masara da waken suya daga Gozaki zuwa kasuwa ba ya leƙen inji kamar sabon shiga. Zama yake yi, ya ɗora hannun dama a kan sitiyari, ya rufe ido, bakanike ya tayar masa daga gaba. Abin da hannun ya faɗa shi ne hukunci, kuma har ƙananan direbobi sukan roƙe shi ya taɓa musu mota kafin su saya.

Tun tsakiyar damina tsohuwar motarsa ta fara ba shi haushi. In yana tafe lafiya lau, amma da ya tsaya a bakin shingen hanya ko a tasha, sai ya ji sitiyari na kaɗawa har cikin kafaɗarsa. Buba ya canza filogi, ya canza robobin da inji ke zaune a kai, ya wanke duk abin da ake wankewa. Rawa tana nan. Manoman da suka saba ba shi kaya suka fara kawo uzuri, wani ma ya gan shi ya bi ta bayan masallaci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai ga laifinsu ba, don shi ma ba zai ɗora buhunsa a motar da ke kakkarwa ba.

Ga kaka ta ƙarato. In bai samu mota mai natsuwa kafin a fara ɗaukar amfanin gona ba, wannan shekarar ta wuce shi, kuma ba shi da wata sana'ar da ya iya. Matarsa Lauratu ta ce ya huta mana, ya fara leƙa asibitin Malumfashi. Ya yi mata dariya, ya ce mota ce ba lafiya, shi kuma za a kai wa likita? Da safen nan ma rabin kofi ta zuba masa koko kamar yadda ta tsiri yi kwanan nan, ta tsaya a kansa har ya shanye.

Shi ya sa yau ya zo garejin Buba yana gwada motocin sayarwa. Motar farko mai silinda huɗu ce, Buba ya ce lasar mai kawai take yi, tanki ɗaya sai ka manta da gidan mai. Malam Mudi ya ce ina amfanin rowar mai in za ta zubar masa da haƙora. Ta biyu mai silinda shida ce, mashayiya ta gaske, amma irinta ko kofin ruwa ka ɗora a kanta ba ya motsi. Ya yarda zai jure shan man in dai za ta natsu. Ita ce ya sauko daga cikinta yanzu, zuciyarsa a jagule.

"Saura wannan, Baba," Buba ya ce a hankali, ba tare da ya dube shi ba. "Ita na fi yarda da ita."

Malam Mudi ya shiga, ya yi bisimilla. Buba ya ɗaga murfin gaba ya ɓace a bayansa. Janareton mai walda na ruri a gefe, wata babbar mota tana ta gurnani a bakin titi. Ya ɗora hannu, ya rufe ido, yana roƙon Allah a ransa ya sa wannan ce.

Sai ga rawar ta taso, ta bi wuyan hannu ta haura kafaɗa, ta ma fi ta sauran. Hawaye suka cika masa ido.

"Kashe ta, Buba. Duk garin nan babu inji mai lafiya."

Ya buɗe ido. Buba na tsaye a bakin taga, idonsa ya yi ja, rungume da batirin da bai riga ya ɗaura wa motar ba. Injin ko tashi bai yi ba, amma hannun Malam Mudi na kan sitiyari yana ta rawa.