Zuciyar Rumasa'u Ta Zaɓi Gumel

Yanzu sabon likita ba ya rubuta takardar neman gurbin ƙwarewa. Na'ura ake ɗaura masa a ƙirji, a karanto sunayen asibitoci, inda zuciyarsa ta fi bugawa can za a tura shi.

Rumasa'u ta yi wa Babanta alkawarin Abuja, da baki dai. Aka kira Abuja, zuciya ko gezau. Ana cewa Gumel, sashen yara, sai allo ya haskaka.

"Ke 'yar nan, wa kika ajiye a Gumel?" in ji Anti Ladidi mai kula da na'urar, tana dariya.

"Yara nake so, Anti!"

"Yaran ne Dakta Nafi'u? Ga sunansa a allo."

Rumasa'u ta rufe fuska, daɗi kamar ya kashe ta. Sai da ta fita tana tsalle ta tuna ko aminiyarta ba ta taɓa faɗa wa sunan nan ba, balle na'ura.