Shawarwarin Lukman Daga Kan Ƙanƙara

Balarabe, Kubura, ku matso kusa. Ke ma Surayya, aje wannan akwatin ki zauna. Na rubuta abin da zan faɗa don kada wani ya katse ni, kuma ba ni maimaitawa.

Shekara biyu ke nan da Lukman, ƙanenku, ya bar Talata Mafara da jaka ɗaya, ya ce Turai ya nufa. Wata bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sai ga saƙon murya a wayar Kubura. Ya ce ya sauka ƙasar Ostiriya, ya samu aiki a wani ƙauye kan dutse inda masu hali ke zuwa hutu suna zamiya a kan dusar ƙanƙara. Aikinsa ɗaura wa baƙi dogayen katakai a ƙafa, da ɗora su kan kujerar da igiyar ƙarfe ke ja zuwa ƙololuwa.

Kowa ya yi murna. Ni ma na yi sadakar ƙosai.

Hotuna sun zo, fararen duwatsu da gidajen katako, babu shi a ciki. Da Kubura ta ce ya kira ta gan shi ido da ido, cewa ya yi sabis ba ya kai wa can, sai ya hau tudu yake samun na tura murya.

A watan jiya ya ce ya samar wa Surayya hutun sati biyu a wajensa. Surayya ma'aikaciyar jinya ce a Bakura, shekara shida tana wanke gyambo ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Ta ɗauki hutu a wurin aiki. Daga ranar shawarwari sunka fara zubowa, kullum da hantsi, ni kuwa ina tsinke zogale ina saurare.

Ya ce kada ta dogara da babbar riga ɗaya, ta sa uku marasa nauyi, in zufa ta zo ta cire guda. Ya ce rana a kan ƙanƙara ta fi ta bazara ƙuna, ta nemi baƙin tabarau da man shafawa. Ta fita da sassafe kafin ƙafafun mutane su dame hanya. In ta ji za ta faɗi, ta saki jiki ta faɗi ta gefe, kada ta tokare da hannu. Akwai jajayen tutoci a bakin hanya, wanda ya ƙetare su dusar na iya zubowa ta binne shi, ba a tono shi sai bazara.

"Kin ji malamin ƙanƙara," in ji Kubura tana dariya. "Wanda ko kan jaki ba ya iya zama."

Surayya ta rubuta kowace shawara a littafi.

Sati na biyu shawarar ta sake. Ya ce a wannan wasa ƙafa ke karyewa, katako kuma yana yanka nama, magani can sai da takardar likita. Ta zo da kayan aikinta duka: bandeji, allurar kashe zafi, zaren ɗinki, ruwan ƙari. Ya ce ta ƙara da rigunan sanyi da takalman roba na maza, tsaraba ga abokan aikinsa.

Kwana uku da sunka wuce muryarsa ta zo a shaƙe, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce iskar kan dutse ce ba ta da yawa. A bayansa akwai kukan shanu. Ya yi dariyar da ba ta fito ba, ya ce shanun Turawa ne, kusa da masaukinsa ake kiwon su.

A wannan saƙon ya faɗi hanya. Kada ta hau mota a tashar Mafara. Kada a yi rakiya, kada a sanar da maƙwabta, saboda baki. Ranar Talata, gobe ke nan, lokacin da kasuwa ta cika, ta tsaya a mahaɗar Janbako. Wani Sadi zai zo da babur, takardun tafiyar na hannunsa.

Na ce wa Kubura ta sake kunna saƙon. Ta kunna. Na ce ta sake. Sau tara.

"Inna, mi kike nema ciki?" ta ce.

Ban yi boko ba, karatun ma da girmana na koya wa kaina. Ban san ƙanƙara ba, ban san Ostiriya ba. Amma ni ɗiyar mahauci ce, kuma shekara arba'in na yi da ubanku yana fataucin shanu. Na kwana biyu da abin a cikina, ban ci abincin kirki ba.

Yanzu na aje shi gabanku. Balarabe, kai ne babba. Ku ukun ku zauna ku yanke abin da za a yi kafin hantsin gobe, ko hukuma za a gaya wa, ko shiru za a yi. Ni ba ni iya zaɓa tsakanin wanda ke jiran ɗinki da wadda za ta je ta yi ɗinkin ba ta dawo ba.

Saniyar da ke kuka a bayan Lukman tawa ce, na san muryarta tun tana maraƙa, tana cikin garkenmu da ɓarayin daji sunka kora daga Damaga bara, kuma da ya daka mata tsawa nan take ta yi shiru.